Baƙon Banki a Gidan Mu'awiya

Mu'awiya na Dumega bai taɓa neman hulɗa da banki ba, bankin ne ya biyo shi har gona. Shekaru uku da suka wuce wasu masu froje, irin ƙungiyoyin nan na raya karkara, suka zo da farar mota, suka ɗebi maza aikin haƙa ramukan tare ruwa a kan faƙo, suka ce ba za su biya kowa a hannu ba, sai ta asusu. Aka kwashi mutane zuwa Dogondutsi, aka ɗauki hotonsu, suka dangwala yatsa. Da kuɗi suka faɗo, kowa ya je ya kwashe nasa har dala ta ƙarshe. Mu'awiya kaɗai ya yi wayo. Ya bar jika arba'in a ciki, wato sefa dubu arba'in, ya ce na baƙar rana ne.

To, baƙar ranar ba ta tsaya jan ƙafa ba. Bara ruwa ya ɗauke gero na tsakiyar fidda kai, abin da ya tsira kuma tsutsa ta bi ta kansa. Damman da ya kai rumbu sun ƙare tun sanyi bai gama fita ba.

Bai gaya wa kowa ba. A nan wajenmu rumbu na maigida ne, mace ba ta leƙa shi, maƙwabci ba ya tambayar abin da ke ciki. Sai Mu'awiya ya shiga dako ranakun kasuwa, a Tibiri ko wani gari inda ba a cika saninsa ba. In ya samu na tiya ɗaya ko biyu, ya sayi gero ya ƙulle a baƙar leda, ya ɓoye cikin riga. Da safe sai ya jingina tsani, ya hau, ya ɗaga jinkar rumbun, ya zura rabin jikinsa ciki kamar mai zaɓe, ya juye geron a ƙwarya, ya sauko ya miƙa wa matarsa Hasiya. Ita kuma ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Allah shi ƙara albarka." Haka suka yi ta yi wata da watanni.

Amma damina ta matso. Ana soma shuka babu sauran dako, ga iri babu, ga abin da za a ci lokacin noma babu. Alhaji Abdussalamu mai sayar da hatsi kuwa ya daɗe da sa ido a kan gonar fadamar da mahaifin Mu'awiya ya bar masa. Sau biyu yana tare shi bayan sallar la'asar, murya ƙasa-ƙasa, yana cewa in akwai wata damuwa a kawo gonar jingina, ai duk gida ne. Kowa a Dumega ya san gonar da ta shiga hannun Alhaji jingina ba a ƙara jin labarinta. Mu'awiya yakan yi godiya ya wuce, don ya san yana da jika arba'in da ke jiransa a Dogondutsi.

Ran Litinin ya hau motar kasuwa ya tafi ɗauko su.

"Jika huɗu," in ji yarinyar da ke bayan gilashi.

"Arba'in," in ji Mu'awiya. Ya gyara mata a hankali, don ya ga yarinya ce.

"Huɗu, Baba."

Aka tura shi wani ofis wurin wani saurayi, Rashid, wanda ya ɗaure wuyansa da ƙyalle a wannan zafi na bazara. Rashid ya juyo masa da fuskar na'ura, kamar Mu'awiya zai karanta, ya yi masa bayani. Kowane wata banki na cire jika ɗaya, kuɗin riƙon asusu.

"Riƙo?" in ji Mu'awiya, yana kiransa Mushe kamar yadda ake kiran ma'aikaci a nan wajenmu. "Mushe, ni in na ba Bafillace akuya riƙo, bayan shekara ukku da ɗiya take dawowa."

"Wannan ba akuya ba ce, Baba."

"Na gani. Abinci suke ci, kuɗin?"

"A'a."

"Ana kai su mashaya?"

"Baba, doka ce ta banki. Ka sa hannu."

Gaskiya ne, ya sa yatsa. Ya kalli yatsan, yatsan bai ce komai ba. A ransa kuwa tsoro ne ya kama shi, don a take ya hango Alhaji Abdussalamu tsaye a bakin fadamarsa yana nuna wa yaransa iyaka.

Rashid ba mugu ba ne. Ya sassauta murya ya ce akwai hanya. Bankin nasu ya fito da wani tsari: wanda ke cikin matsi na gaske yana iya roƙon a mayar masa da abin da aka cire. Ya jawo takarda ya buɗe biro.

"Bon," in ji shi da Faransanci. "Kana cikin matsi, Baba?"

Ƙofar ofis ɗin a buɗe take. A kan bencin da ke waje akwai mutum biyu 'yan Dumega, ɗayansu har ya miƙo wuya.

"Alhamdu lillahi," in ji Mu'awiya.

"Ba gaisuwa nike yi ba. Akwai abinci a gida?"

"Mun gode Allah."

Rashid ya ajiye biron ya shafa goshi. Ya ce ba komai, daman sai an je an ga gida. Ran Alhamis zai zo da kansa a kan moto, wato babur, ya ɗauki hoto da waya, ya kai wa direktan banki. Direkta ba ya sauraron labari, hoto yake kallo.

Da Mu'awiya ya koma gida ya sha ruwa, ya ce wa Hasiya, "Ran Alhamis muna da baƙo daga banki."

"Lahiya?"

"Lahiya lau. Gida za shi gani."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ni dai da ni ne da na ƙara kalma biyu, amma kalma biyun su ne abin da ya yi wata da watanni yana hawa tsani don kada ya faɗa.

Hasiya ta dubi tsakar gidanta da idon baƙo. Tabarma ɗaya, ita ma gefenta ya zare. Turmi, tukunya biyu, zabuwa ɗaya da ta rage bayan an sayar da sauran. Turken akuya na nan, babu akuya. Ta yafa mayafi ta leƙa gidan maƙwabciyarta Ajuma, aron tabarma kawai ta je yi.

Wayyo, Ajuma! Mace ce mai kirki, irin kirkin da ba ya tsayawa a inda aka roƙe shi. Tana jin an ce baƙo daga banki ta dafe ƙirji.

"Daga banki? Ki ce mini tabarma? Haba Hasiya, so kike a koma Dogondutsi a ce mutanen Dumega kan ƙasa suke zama?"

Ran Alhamis Mu'awiya ya fita da sassafe ya je gyaran shingen fadama, don zuciyarsa ta ƙi zama. Da hantsi ya dawo, ya shiga gida, ya juya zai fita yana ba da haƙuri, don ya zaci gidan wani ya faɗa.

An share tsakar gida an yayyafa ruwa. Ga darduma ja shimfiɗe a inuwar itacen bedi. Ga kujerun roba farare guda shida, waɗanda daga baya ya ji Alhaji Abdussalamu ne ya aiko da su, tare da ruwan leda mai sanyi. A ƙofar ɗakin Hasiya an jera kwanoni masu murfi har bisa, suna ƙyalli. A kan rufin ɗaki an ɗora fanon sola, farantin nan mai ɗaukar hasken rana, wayarsa na lilo ba a haɗa ta da komai ba. A turken akuya kuwa wani ƙaton farin rago ne ɗaure, na Faruku mijin Ajuma, wanda yake turka don layya. Ragon ya ɗago ya kalli Mu'awiya, ya ci gaba da cin harawar da aka zo masa da ita daga gidansu.

Ƙamshin miya ya doki hancinsa. Ya duba inda zabuwar ke kwanciya, sai gashinta ya gani.

"Hasiya," ya ce. "Mi ke nan?"

"Baƙo," in ji ta.

Kafin ya sake buɗe baki Faruku ya shigo da babbar riga mai aiki a kafaɗa, ya zura masa ita ta ka, ya gyara masa wuya, ya ja da baya ya duba. "Yauwa. Yanzu ka yi kama da mai kuɗi a banki."

Ya za a yi ya ce a kwashe? Mutane sun yi masa alheri tun da safe, wasu ko karin kumallo ba su yi ba. Ya ce, "Na gode, Allah shi bar zumunci," ya zauna a kan farar kujera yana jin kamar ya kurma ihu.

Rashid ya iso kafin azahar, ƙura har gira. Ya kashe moto, ya yi sallama, ya shigo, ya tsaya. Ya fiddo takardarsa ya duba suna, ya sake duban gidan.

"Nan ne gidan Malam Mu'awiya?"

"Nan ne!" in ji mutum wajen goma, don zuwa lokacin maƙwabta sun cika gefen darduma. Alhaji Abdussalamu ma ya zo, ya zauna a ɗaya daga cikin kujerunsa yana jan tasbaha.

Aka zaunar da baƙo, aka kawo ruwa, aka kawo hura, aka kawo tuwo da miyar zabuwa. Ya ce ya ƙoshi, aka ce ba a yin haka. Ya ci. Da ya wanke hannu ya fiddo waya, aikinsa ke nan, ya ɗauki dardumar, ya ɗauki kwanonin, ya ɗauki fanon sola. Ragon ma ya tsaya masa tsaf.

"Ragon nan naka ne, Baba?"

Mu'awiya ya buɗe baki.

"Nashi ne," in ji Faruku, yana murmushi irin na wanda ya yi sadaka a ɓoye.

"Sau nawa ake ɗora tukunya a gidan nan?"

"Ukku," in ji Ajuma daga bayan zana. "Ban da hura."

"Nama fa?"

Babu wanda ya amsa wannan, don ƙashin zabuwar na gabansa a kwano.

Rashid ya nuna rumbu da biro. "Wancan fa?"

"Kai, Mushe!" in ji wani tsoho. "Ba a tambayar rumbun mutum. Amma kullum sahe muna ganin shi bisa tsani. Mu da namu sunka ƙare tun tuni muna ta mamaki."

Kowa ya gyaɗa kai. Alhaji ya ce, "Ma sha Allah," ya ja ƙwayar tasbaha ɗaya.

Rashid ya rubuta abin da zai rubuta, ya rufe takarda, ya yi godiya, ya miƙe. Mu'awiya ya raka shi waje inda moton yake, rigar aro na jan ƙasa. A nan saurayin ya tsaya yana wasa da makulli, bai hau ba.

"Baba, ni ma ɗan Arewa ne. Uwata ta taɓa aro gado sukutum don baƙon kwana ɗaya. Na san kujerar aro in na gan ta. Amma direkta ba shi sani ba, kuma ba ruwanshi. Abin da ke cikin wayar ga, rago ne da sola da nama. In na kai mishi haka, ko dala ba za ka gani ba. Ka ba ni abu guda da zan nuna."

Mu'awiya ya waiwaya. Ta ƙofar gida yana hango kan Alhaji, da farar hularsa, yana zaune daram kamar mai jiran a gama ciniki. Ya tuna mahaifinsa a fadamar nan, yana nuna masa inda ruwa ke kwanciya da inda ba a shuka gero sai dawa. Ya tuna kuma Hasiya da hannunta biyu a ƙarƙashin ƙwarya. Wallahi da za a ce ya zaɓi bulala ɗari a kasuwa da ya zaɓa da murna.

"Taho," ya ce.

Suka koma ciki. Ya tuɓe babbar rigar ya ninke ta da kyau ya miƙa wa Faruku. Ya ɗauko tsani ya jingina. Hira ta tsaya. Ya hau, ya kama jinkar rumbun, wannan karon bai ɗaga gefe kawai ba, ya ture ta gaba ɗaya ta faɗo ƙasa ta tashi ƙura. Ya sauko ya ce wa Rashid, "Hau."

"Subhanallahi," in ji tsohon nan. "Baƙo?"

Rashid ya hau da takalminsa mai santsi, ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe. Sannan ya zura wayar ciki ya ɗauka. Da ya sauko hoton na nan a fuskar wayar, kuma Faruku da ke kusa ya gani, na kusa da Faruku ma ya gani. Daɓen rumbu ne fes, sai 'yar ƙaiƙayi a lungu, da tarin baƙaƙen ledoji, da wani ƙadangare da ya ɗago kai yana duban haske.

"Tun sanyi," in ji Mu'awiya. Muryarsa ta fito daidai, shi kansa ya yi mamaki. "Babu ko zangarniya. Rago na Faruku ne. Kujeru na Alhaji ne. Zabuwar tamu ce, ita kaɗai ta rage, ka kuwa cinye ta."

"Allah shi ba da haƙuri," in ji Rashid.

"Ba komi. An yanka ta ne don a ci."

Ba wanda ya kalli wani. Faruku ne ya fara motsi, ya je ya kwance ragonsa, ya tattara sauran harawar. Ajuma ta fito ta soma sauke kwanoni, ido cike da hawaye, tana yi tana faɗa da murfin da ya ƙi zama. Wani ya hau ya sauko da fanon sola. Aka naɗe darduma. Alhaji ya miƙe don a ɗauki kujerar da yake kai, ya ce yana da baƙi a shago, ya fita. Kafin a kira la'asar gidan ya koma gidan Mu'awiya, tabarma ɗaya da turmi da turke.

Rashid ya sake ɗaukar hoto, ya goge na farko a gaban maigidan, ya hau motonsa.

Hasiya tana bakin murhu tana kankare tukunya. Mu'awiya ya kasa duban inda take. Ya mayar da jinkar rumbun shi kaɗai, da ƙyar, ya fita bai dawo ba sai magariba. Daga ranar ya daina hawa tsani. In ya samo gero sai ya ajiye ledar a bakin turmi ya wuce.

Bayan sati biyu aka aiko ya je Dogondutsi. Direkta ya amince a mayar masa da jika talatin da shida. An cire jika biyar, kuɗin binciken gida da man moto. Mu'awiya ya tambaya ko za a cire masa kuɗin zabuwa daga cikin biyar ɗin, yarinyar bayan gilashi ta ce babu wurin rubuta wannan. Ya ce a ba shi duka har da huɗun da suka rage, a rufe asusun. Ta ce rufewa jika biyu ne. Ya ce a rufe.

Ya sayi iri, ya sayi geron ci rabin buhu da ɗoriya. Ba zai kai su kaka ba, amma zai kai su noman farko, daga nan kuma ganye ya fito. Fadama dai ta kwana a hannunsa. Ya ɗoro kayan a amalanke tun daga tasha, da rana tsaka, ta gaban shagon Alhaji, aka gaisa lahiya lau. Ya sauke buhun a ƙofar madafa, a gaban Hasiya.

"Ga shi," ya ce, yana kallon buhun. "Na saye ne. Daman duk wanda kike karɓa na saye ne."

"Na sani, Malam."

Ya ɗago.

"Damma munka zuba cikin rumbun ga," in ji ta. "Ni na miƙa maka su da hannuna. Rumbun da anka zuba wa damma ba ya hiddo tsaba sussukakka, har da tsakuwar kasuwar Tibiri a ciki."

"Tun yaushe?"

"Tun ƙwaryar farko."

Ya nemi wuri ya zauna a kan turmi. Kunya ta rufe shi, da wani abu kuma mai kama da sauƙi, har ya rasa wanne ya fi yawa. "Mi ya hana ki faɗi?"

"Kai ma ba ka faɗi ba. Na ga kana rufa muna asiri daga ciki, shi ya sa da ka ce baƙo na zuwa na ce bari ni ma in rufa daga waje. Ban san kunyarmu za shi saya ba."

Ta taɓa buhun da ƙafa. "Kai shi rumbu."

"Don mi? Duk garin ga sun gani."

"Sun gani. Ni dai daga rumbu na saba karɓa."

Washegari da safe ya ɗauko tsani ya jingina. Ƙafar tsanin ɗaya ta daɗe tana rawa, bai taɓa gyarawa ba. Yana sa ƙafa a matakin farko ya ji rawar ta tsaya. Ya duba ƙasa, Hasiya ce ta riƙe shi da hannu ɗaya, ƙwarya a ɗayan, fuskarta na kallon turmi don kada idonta ya faɗa cikin rumbun.

Ya hau, ya auno tiya ɗaya, ya sauko ya miƙa mata. Ta saki tsanin ta karɓa da hannu biyu.

"Allah shi ƙara albarka," in ji ta.

"Amin," in ji Mu'awiya.